Gidan bulo da kwano ya zama tanda: daga ina za a fara gyaran gine-ginen Sakkwato?

Ɗan_Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun bazarar da ta wuce. Gidanmu na Mabera bulo ne da kwano, tun ina yaro aka gina shi. Da rana ta take ba mai iya zama ɗaki, da dare kuma bango ya shiga amayar da zafin da ya sha tun safe, in ka jingina sai ka ji kamar bayan tanda. Mahaifiyarmu ta manyanta, ga hawan jini, sai dai mu fito mata da katifa tsakar gida mu yayyafa ruwa a ƙasa. In akwai wuta, iska mai zafi fanka ke juyawa. In babu, sai janareto, kuma kowa ya san inda mai ya kai tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Na ji cewa a wasu ƙasashe gwamnati na da tsarin gyara gine-ginen da mutane ke ciki domin su rage shan wuta da hayaƙin da ke ɗumama duniya. Mu a Najeriya akwai irinsa? In jiharmu za ta yi nata, da me ya kamata ta fara? Ba sabon gini nake nufi ba, wanda muke kwana cikinsa yau.

Injiniyan_Arkilla:
Wa alaikumus salam. Akwai, sai dai a takarda ya fi ƙarfi. A 2017 Ma'aikatar Lantarki, Ayyuka da Gidaje ta tarayya, lokacin Babatunde Fashola na minista, ta fitar da ƙa'idar gini mai tattalin makamashi da taimakon hukumar GIZ ta Jamus. Ta yi magana kan girman tagogi, cewa kada su wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai in an yi musu inuwa, da sa abin tare zafi a rufi, da irin fitilun da za a sa, da ingancin esi. Amma sabon gini ta fi fuskanta, kuma izinin gini hurumin jiha ne, ba na Abuja ba. Sai jiha ta ɗauke ta ta sa cikin sharuɗɗanta sannan ta hau kan kowa. A nan hukumar tsara birane ta jiha, SURPB, ke ba da izinin. Akwai kuma dokar sauyin yanayi da Buhari ya sa wa hannu a Nuwamban 2021, bayan alkawarin da ya yi a taron sauyin yanayi na Glasgow cewa nan da 2060 hayaƙin da Najeriya ke fitarwa ba zai wuce wanda take iya shanyewa ba. Wannan dokar ba ta sauko har kan kwanon gidanku ba, Malam, kuma saukowar ita ce aikin da ya rage.

Baba_Magini:
Ɗana, abin da kaka biɗa waje shina nan gida. Mu da munka tashi ga aikin ƙasa mun san bangon tubali ba ya barin rana ta shiga da wuri. Gindin bango kamu biyu, wani hal ya hi, a jera azara, a zuba ƙasa bisa, a bar 'yar taga can sama inda iska mai zahi ka hita. Ka shiga tsohon zaure nan Kanwuri da azahar cikin bazara, ka zamna bisa daɓe, ka ji abin da nika hwaɗi. Zahin da bango yas sha da rana sai dare ya raba shika kaiwa ciki, lokacin nan kuwa mutane na waje bisa tabarma. Da anka zo da bulo mai rami, inci shidda, anka ɗora kwano ko silin babu, sai anka ce ci gaba na. Yanzu ga tsohuwarku tana shan wahalarshi. Allah shi ba ta lahiya.

Uwar_Biyu:
Baba, Allah ya ƙara girma, ban musa ba, ni ma cikin gidan ƙasa na tashi a Wurno. Amma a faɗi ɗaya gefen. Duk shekara kafin ruwa ya sauka sai an yi yaɓe. In indararo ya toshe da dare, ruwa ya kwanta bisa soro, sai ka ga uwar gida na jera kwanoni da robobi tsakar ɗaki tana kwashe yara. Gara ta ci azara ba ka sani ba sai ranar da ta karye. Giginyar ma yanzu ina take? Wanda ya ga ambaliyar 2010 a yankin Goronyo ya san abin da ruwa ke yi wa ginin ƙasa. Mutane ba don raina gado suka koma bulo ba, tsoro ne.

Baba_Magini:
Ɗiyata, gaskiya kin hwaɗi. Amma gidan da anka yi ma makuba ta ɓawon ɗorawa, ko laso da katsin marina da gashin jima, ba duk shekara shika son hannu ba. Aikin na anka bari. Ni yanzu in an kira ni, tushe na dutsi da siminti nika sawa, bango na ƙasa, kwano kuma bisa rufin ƙasa da rata tsakani, bakinai ya hito ya kare bango. Ruwa bai taɓa ƙasa, rana ba ta taɓa ɗaki.

Ɗalibar_Zane:
Abin da Baba ya bayyana shi ne kusan abin da Francis Kéré ya yi a makarantar firamare ta ƙauyensu Gando a Burkina Faso a 2001: bulon ƙasa, silin na ƙasa, kwano a ɗage sama yadda iska ke ratsawa tsakani. A 2022 aka ba shi Pritzker, lambar yabo mafi girma a fannin zanen gini. Kusa da mu ma, a Dandaji cikin jihar Tawa a Nijar, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa da aka matse da inji, tsohon masallacin kuma ba su rushe shi ba, sun gyara shi ya zama ɗakin karatu. Wannan na ƙarshen ya fi shafar tambayar Yaya Ɗan_Mabera. Siminti kaɗai na fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon ta duniya, domin ƙona dutsen farar ƙasa ake yi, kamar yadda ake yi nan Kalambaina. Duk ginin da aka rushe aka sake, an sake biyan wannan hayaƙin. Gyara ya fi rushewa sauƙi ga aljihu da ga iska.

Basakkwace_a_Italiya:
Bari in ba da abin da na gani da idona. Tarayyar Turai ta ce gine-gine ke shan kusan kashi 40 cikin 100 na makamashinta, shi ya sa a 2020 ta fito da shirin gyara gine-gine miliyan 35 kafin 2030. Su sanyi ne damuwarsu, suna son ɗumi ya tsaya ciki, mu kuwa so muke zafi ya tsaya waje. A Faransa ana ba gidaje daraja daga A zuwa G gwargwadon makamashin da yake ci, kuma daga Janairun 2025 an hana ba da hayar mai G. Nan Italiya a 2020 aka fito da Superbonus: ka gyara gidanka, gwamnati ta mayar maka da kashi 110 cikin 100 ta hanyar haraji. A lokacin duk layin da ka bi sai ka ga an kewaye bene da ƙarafan hawa. To da yake ba daga aljihun mai gida kuɗin ke fita ba, ba mai neman ragi. Kaya suka yi tsada, aka riƙa kama takardun ayyukan bogi, kuɗin ya haura yuro biliyan 100, dole aka rage shi. In za a yi namu kada a ce duka kyauta ne. Mai gida ya sa nasa ko yaya yake, shi zai sa ya tsaya kan aikin.

Gaskiya_Ɗaya:
Ku yi haƙuri, ni maganar hayaƙin nan ba ta shige ni ba. Afirka gaba ɗaya ba ta wuce kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba. Waɗanda suka ɓata iska su ne masu yuro biliyan 100 na gyaran gida. Mutumin Gidan Igwai da ke da ƙwan fitila biyu da fanka ɗaya, wane hayaƙi zai rage? In hayaƙi ake nema a gidajenmu a leƙa madafi, inda iyayenmu mata ke hura icce idanu na zubar da hawaye. Can ya kamata kuɗi su tafi.

Mai_Sola_Kofar_Atiku:
Malam Gaskiya_Ɗaya, ba ka yi ƙarya ba, amma a wurinmu hayaƙi da aljihu hanya ɗaya suke bi. Litar fetur ɗaya in ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon, ta man gas (dizal) kusan 2.7. Duk litar da ba ka saya ba, ka rage hayaƙi kuma kuɗinka na hannunka. Ni sana'ata sola, amma kullum ina gaya wa masu zuwa shagona su gyara rufi kafin su sayi batir. Mutum zai zo ya ce yana son abin da zai ɗauki esi mai doki ɗaya da rabi. Wannan na jan sama da wat 1,000, fankar silin kuwa wajen 70, ta sola ma ba ta kai rabin haka ba. In ka je gidan sai ka tarar da kwano tsirara, tagar gilashi na kallon yamma, ƙofa da rata ƙarƙashinta. Kamar mai zuba ruwa ne a randa mai huji. Ƙwan fitila na da mai wat 60, na LED mai wat 9 na ba da haskensa, kuma ba ya ƙara wa ɗaki zafi kamar na da. Waɗanda kamfanin wuta ya sa a rukunin A (Band A) kuwa sun ji a jika tun Afrilun 2024 da aka kai yunit naira 225.

Uwar_Biyu:
Maganar madafi kada a wuce ta. Namu kwano ne ƙasa-ƙasa babu taga, ga rana bisa ga wuta ƙasa. A azumin da ya faɗo cikin bazara, mai aikin buɗa baki ita ta fi kowa galabaita. In ana lissafin gyaran gida a sa madafi ciki, ko da 'yar kafar fitar hayaƙi ce da murhu mai cin icce kaɗan.

Ɗan_Haya_Gwiwa:
Duk wannan zancen na masu gidan kansu ne. Ni haya nake, ɗaki biyu. Ni ke shan zafi, ni ke sayen kati da mai, amma kwanon ba nawa ba ne. Na roƙi mai gida ya sa silin, ya ce in ina so in yi da kuɗina. In na yi, shekara ta zagayo ya ce gida ya gyaru, haya ta ƙaru, ko ya ba ni notis ya sa wani. Wa zai gyara abin da ba nasa ba? Duk tsarin da bai warware wannan ba, mu 'yan haya ba ma ciki.

Alhaji_Mai_Gidaje:
Ɗan'uwa, ka ji ta bakinmu mu ma. Abin da nake karɓa a ɗaki shekara guda ba ya sayen bandir ɗin kwano. In na kashe kuɗi na sa silin, kai ke samun sauƙin wuta, ni ba abin da ya dawo mini sai in na ƙara haya, in na ƙara kuma a ce na yi zalunci. Abin da na yi da wani ɗan hayata shi ne, ya sa silin da kuɗinsa, muka rubuta a gaban mai unguwa cewa za a riƙa cirewa daga haya, kuma ba ƙari ba tashi har shekara uku. Mun rabu lafiya. In gwamnati na son shiga, ta samar da bashi marar ruwa, don nan Sakkwato da yawanmu ba za mu taɓa mai ruwa ba. Bankunan Musulunci na da murabaha: su sayi kayan su sayar maka ka biya a hankali. Wannan zan karɓa gobe.

Ɗan_Haya_Gwiwa:
Alhaji, Allah ya saka da alheri, amma ba kowane mai gida ne kai ba. Shi ya sa nake son ya zama doka, ba alfarma ba.

Malama_ta_Firamare:
Ni a ganina kafin gwamnati ta ce wa kowa ya gyara nasa, ta fara da nata. Ajin da nake koyarwa silin ɗinsa ya zube tun tuni, sai katakai da kwano. Daga ƙarfe sha ɗaya a watan Afrilu karatu ya ƙare. Yara na fifita da littafi, wasu sun kifa kai bisa benci, layin randa ya fi layin allo tsawo. Akwai ranar da wata yarinya ta yanke jiki ta faɗi, muka fitar da ita gindin dogon yaro muna zuba mata ruwa. Tun ranar in rana ta yi nakan kwashe su mu koma inuwar bishiyar. Ajin ba ya cin wuta ko kaɗan, don haka in lissafin yunit kaɗai za a yi ba zai shiga tsarin ba. Amma duk kwangilar gyaran makaranta da za a bayar, me zai hana a rubuta cewa dole a sa silin, a yi tagogi masu fuskantar juna, a shafa wa kwano fari, a dasa itatuwa ta yamma? Kuɗin gyaran ana fitar da su dama.

Injiniyan_Arkilla:
Malama ta taɓo inda nake son zuwa. A gida mai hawa ɗaya a garin da zafi ke haura digiri 40, rufi ne babbar ƙofar zafi, sai bangon yamma. Kwano mai duhu ko mai tsatsa na shanye rana, fari na mayar da mafi yawanta. Birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin 2010 da ya kashe mutane da yawa, ya fito da tsarin tunkarar zafi a 2013, daga baya ya haɗa da shafa wa rufin gidajen talakawa fari. Bayan fenti sai abin tare zafi ƙarƙashin kwano, ko da ledar nan mai ƙyalli ce, muddin an bar rata tsakaninta da silin. Sannan a buɗe kafofi a saman bango a sa raga, don iskar da ta taru tsakanin kwano da silin ta samu mafita. Da yawa sun sa POP mai kyau sun toshe ko'ina, zafin ya rasa hanya sai ta cikin ɗaki. Esi shi ne na ƙarshe, ba na farko ba. Ina kuma ganin a ba Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo wasu azuzuwa da ɗakuna ta auna kafin gyara da bayansa, bazara da hunturu, don mu samu alƙaluman garinmu maimakon na wasu.

Mai_Fenti_Runjin_Sambo:
Injiniya, a ƙara da wannan daga mai hawa kwano. Farar ƙasa zalla ruwan farko ke wanke ta, sai an sake duk shekara. Fentin kwano na gaske ya fi daɗewa amma da tsada. Kuma ƙurar hunturu na mayar da fari ja cikin wata biyu, in ba a wanke ba kafin bazara rabin amfanin ya tafi. Kada a shafa bisa tsatsa, a kankare tukuna, a toshe ramukan ƙusa. Aikin kuma na sassafe ne, ƙarfe goma ta yi ƙafa ba ta iya taka kwanon.

Nas_Mai_Dare:
Gargaɗi ɗaya don Allah. Tsofaffin gidaje da ofisoshi da yawa silin ɗin asbesto gare su. In yana zaune lafiya a bar shi, amma fasa shi ko yanka shi da zarto na tada ƙurar da ke lalata huhu, cutar kuma sai bayan shekaru take fitowa. Kada a sa yara kwasar ɓaraguzansa. Sannan masu cewa a toshe ko'ina don esi su tuna sanƙarau. Waɗanda suka yi aiki lokacin annobar 2017 a Zamfara da Sakkwato sun san yadda cunkoso a ɗaki marar iska ke yaɗa shi. Ɗakin da mutum takwas ke kwana iska yake so ta ratsa, ba toshewa ba. Ina tare da Malama: a fara da makarantu da ƙananan asibitoci, musamman ɗakin haihuwa.

Gaskiya_Ɗaya:
In dai da aji da ɗakin haihuwa da madafi za a fara, na janye rabin maganata. Rabin da ya rage shi ne, waɗanda suka ɗumama duniya su kawo nasu kason, kuma kada abin ya ƙare a gyaran ofisoshin manya.

Ladan_Tudun_Wada:
Mu masallacinmu ba mu jira kowa ba. Bayan Juma'a anka yi shela, kowa ya kawo abin da ya samu. Munka yi rumfa ta zana gefen yamma, munka buɗe kafofi sama, samari sunka shafa ma kwano fari, munka canza fitilu. Da, sallar la'asar mutane waje suka tsayawa, yanzu sahu na cika ciki. Itatuwan da munka dasa dai awaki sun cinye biyu, sai da munka kewaye sauran da ƙaya.

Ɗan_Mabera:
Na gode ƙwarai, jama'a. Na zauna da ƙannena jiya, mun ce mu fara da ɗakin Inna: kafofi a sama, leda mai ƙyalli da sabon silin, da rumfa a bangon da ke kallon yamma. Fenti sai mun ga abin da ya rage. Amma har yanzu tambayar Ɗan_Haya na damuna, don ƙanwata ma haya take a Minanata da jariri. Injiniya, in jiha ta ɗauki ƙa'idar 2017, za ta iya hawa kan gidan haya da aka riga aka gina?

Injiniyan_Arkilla:
Yadda take a yanzu, a'a, sai majalisar jiha ta ƙara mata. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗaura ta ga lokacin da mai gida ya zo neman izinin ƙara ɗaki ko canza rufi. In aka ce kowa ya gyara yanzu-yanzu, haya ce za ta tashi, kuma kan ƙanwarka zai ƙare.

Alhaji_Mai_Gidaje:
Mafi yawan masu ƙara ɗaki a unguwanninmu ba sa zuwa neman izini, Injiniya. Ta wurin masu unguwanni za a fi samunsu.

Baba_Magini:
Ɗana, rumfar nan kada ka manna ta ga bango, ka bar taki guda iska ta wuce. In zana za ka sa, ka saye ta yanzu da kaka, kahin bazara ta yi tsada.